Harafi ɗaya yana neman taɓa mini albashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara 6 ke nan ina riƙe da sito a wani shagon kayan gini a Kano, aikin da kawuna ya samo mini bayan rashin lafiyar mahaifinmu ta raba ni da makaranta, kuma ko allura ba a taɓa cewa ta salwanta a hannuna ba. A ƙarshen wata na ƙirga kaya, na tarar da kwaɗo 40 waɗanda kwalinsu ya yage suna zube a ƙasan kanta, sai na rubuta "40 lose padlocks", ina nufin ba a cikin kwali suke ba. Maigidan, wanda yake Legas, ya ɗauka sun ɓata, har ya aiko cewa za a cire kuɗinsu daga albashina. Shin ba haka ake rubuta kalmar ba?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuskuren naka ne. Kalmar da kake nema ita ce "loose", mai "o" biyu, wadda ake ƙarasa furucinta da sautin "s". Siffa ce ta duk abin da ba a ɗaure ko a haɗe yake ba: haƙori mai girgiɗa, riga burmemiya, akuyar da ta tsinke igiya, 'yan canjin aljihu, da ganyen shayin da ake aunawa. Ita kuwa "lose" aikatau ce mai sautin "z", ma'anarta rasa abu, kuma daga ita "lost" ta fito. Turanci ya aro "loose" daga tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, inda ake cewa "lauss". Ka kuma kiyaye, kada ka siffanta mace da ita, domin zagi ne.

Wata 'yar'uwa daga Zariya: Malam, ni ban ga laifin yaron nan ba. Haka uwar ɗakina ta cire mini kuɗin yadi biyu a kan lissafin da ita ta ɓata, har yau ban ga ko kwabo ba. Mai neman dalili ba ya rasawa.

Ɗan kasuwa: Ka bar kalmar gaba ɗaya, ka rubuta "unpacked", ka ɗauki hoton kwaɗon ka tura masa.

Malamin Turanci: Alhaji, "unpacked" tana nuna cewa wani ne ya fito da su da gangan, kuma hakan zai jawo masa wata tuhumar. "Loose" ce daidai, shekara 20 ina koyar da wannan.

Mai tambaya: Na gode, amma wanda na gada a siton haka yake rubutawa da "o" ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa tanka masa. Batun hoto kuwa, ina ganin tura shi tamkar amsa cewa ana zargina ne.

Wata 'yar'uwa daga Zariya: To, ka kira shi a waya kuwa tun da abin ya faru?

Mai tambaya: Yaya, ba a saba kiransa kai tsaye ba. Malam, idan na ƙara "o" ɗin da biro a kwafin da ke hannuna, ba za a ce na sauya takarda ba?