Mai ƙaramin ciki da maleriya: kwinin ko Coartem?

Kilas Ref: Salam jama'a, tambaya ta 14 a tsohuwar takardar jarabawar nan, mace mai cikin sati 9, gwaji ya nuna maleriya, tana ci tana sha ba alamar tsanani. Na zaɓi kwinin da kilindamaisin kwana 7, sai ga wani ya ce min wai yanzu Coartem ake bayarwa. Wa ya san gaskiyar lamarin?

Ɗan Baya: Wa ya faɗa maka? Kwinin ne malam, haka yake a duk littafin da ke ɗakinmu. Dangin atemisinin, irin su Coartem ɗin, ba a ba mai ciki a wata ukun farko, an gwada a ɓeraye da zomaye an ga yana lalata ɗan tayi. A rufe maganar.

Ƴar Zariya: Ba za a rufe ba. Littattafanku sun tsufa ne kawai. Tun ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta canza, atemeta da lumefantirin, wato Coartem, shi ne zaɓin farko har a wata ukun farko, don da aka tattara bayanan matan da suka sha shi da ƙaramin ciki ba a ga ɓari ko nakasar jarirai sun fi na masu shan kwinin ba. Mutum ai ba ɓera ba ne.

Ɗan Baya: To Hajiya, hukumar ce za ta yi makin ɗin takardata?

Ƴar Zariya: Kai dai tsaya ka lissafa, kwinin duk awa 8 har kwana 7, sha 21 ke nan, ga ɗaci kamar maɗaci ga ƙarar kunne ga jiri, kuma mace tana fama da laulayi da ma komai ta sa a baki dawowa yake, wace ce za ta kai kwana 7? Kwana biyu za ta ji sauƙi ta cusa sauran a ƙarƙashin katifa. Ga shi yana zubar da suga, masu ciki kuma sun fi kowa faɗawa wannan. Coartem sha 6 ne a kwana 3, a haɗa da madara ko abinci mai maiƙo, shi ke nan.

Na Gidan Sarki: Ni fa kun rikita ni, ba atesunet na allura ba ne, miligiram 2.4 a kowane kilo na nauyin jiki?

Kilas Ref: Kai ma ka shigo da naka. Wancan na mai tsanani ne, wadda ta fita hayyacinta ko take jijjiga ko fitsari ya koma kalar shayi. Allura a awa 0, 12, 24 sannan kullum sau ɗaya, yaro ƙasa da kilo 20 kuma miligiram 3 a kowane kilo ake ba shi.

Yaya ta ajin ƙarshe: Ƙannena ku raba abu biyun nan. Mai tsanani ba gardama, atesunet ne ko cikin na sati nawa ne, ran uwa ake ceto. Ku riƙe binciken AQUAMAT na 2010 don suna son tambayarsa a jarabawar baka, an yi shi a kan yaran Afirka masu maleriya mai tsanani, mutuwa kashi 8.5 cikin ɗari da atesunet, 10.9 da kwinin. A marar tsanani kuma Ƴar Zariya ce da gaskiya. A baka ku ce a da kwinin ake bayarwa, a 2022 aka koma wannan, ba malamin da zai kayar da ku a kan haka.

Ɗan Baya: Yaya na ji, amma canki-canka ba a yi wa takarda bayani. Idan malami ya kwafo tambayarsa ta 2018 da amsarta fa? Ni wallahi in na ga kwinin da kilindamaisin a jere shi zan zagaye.

Ƴar Zariya: In kuma ya sabunta ka sha ƙasa.

Na Gidan Sarki: Fansidar fa, tana ciki?

Yaya ta ajin ƙarshe: A'a, ita ta rigakafi ce a awo, daga sati 13, wata ɗaya tsakani. Kar ka kusance ta a wata ukun farko.

Kilas Ref: Gobe bayan zagayen marasa lafiya zan tare malam in tambaye shi wanne yake so a takarda. Ɗan Baya kai za ka raka ni tunda kai ne mai taurin kai. Tambaya ta 15, ciwon sikila.