Masu haɗa rahoto da Excel a Katsina da Daura, ta ina kuka fara?

Ma'aikaciyar ofis, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. An ɗora mini haɗa rahoton wata-wata a wurin aikinmu, kuma oga ya ce ya gaji da tulin takardu, shafi ɗaya yake so wanda zai duba ya ga komai, wato dashbod. Na iya shigar da lambobi da tara su a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, iyakacina ke nan. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga harkar nan, ku ba ni haske.

Jami'in tattara bayanai, cikin garin Katsina:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki ajiye maganar zane tukuna, ki fara da gyaran bayanan da ake turo miki. Aikina ya shafi ƙananan hukumomi 34 na jihar nan. Farkon da na sa Excel ya tara mini alƙaluman kowace ɗaya, sai ya fito da sunaye fiye da 34. Da na zauna na bi su, ashe wani ya rubuta Dutsin-Ma, wani Dutsinma, wani Kankia, wani Kankiya, ga Funtua ga Funtuwa. Wadda ta fi ba ni wahala Daura ce: rubutu iri ɗaya sak, amma ta fito sau biyu, saboda wani ya bar sarari bayan harafin ƙarshe, abin da ido ba ya gani. Fomular TRIM ce ke share wannan sararin. Sauran kuwa da Data Validation na toshe su: na yi jerin sunayen sau ɗaya, mai shigar da bayani sai dai ya zaɓa, ba ya rubutawa da hannu. Kuma ki hana kowa haɗe akwatuna biyu su zama ɗaya don ado. Kowane bayani layinsa daban, kanun tebur layi ɗaya tak.

Mai shagon kayan masarufi, Daura:
Ni a waya na koya, da Google Sheets, don wuta ba ta zama a unguwarmu. Abin da zan ƙara miki shi ne lambobin waya da na asusun banki. In kika rubuta lamba mai farawa da 080, sifilin farko ɓacewa yake yi, domin manhajar ta ɗauke ta a matsayin adadi. Lambar asusu mai alƙaluma 10 da ta fara da sifili ta koma 9, ki rasa wa za ki tura wa kuɗi. Ki mayar da ginshiƙin na rubutu kafin ki fara shigarwa. Da SUMIFS, fomular da ke tara lambobi bisa sharuɗɗan da aka ba ta, nake gane bashin da nake bin kowane mutum a kowane wata, kuma ta ishe ni.

Malamin sakandare, Daura:
'Yar'uwa, fibot tebul, wato teburin da Excel ke taƙaita tarin bayanai a cikinsa, shi ne ƙashin bayan dashbod. Sakamakon ɗalibai da nake kwana ina tarawa da kalkuleta, yanzu jan sunan aji nake yi zuwa gefe ɗaya, darasi zuwa sama, sai matsakaicin maki ya fito. Amma ki duba wane Excel ke kan kwamfutar ofishinku. XLOOKUP, fomular nemo bayani a cikin tebur, da ake ta koyarwa a YouTube babu ita a na 2016 da na 2019, sai a na 2021 zuwa sama da Microsoft 365. In tsoho ne, VLOOKUP, tsohuwar fomular wannan aikin, za ki riƙe. Sai kwanan wata: kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka wata take fara karantawa, sai 3/4 da kike nufin 3 ga Afrilu ta zama 4 ga Maris, rahoton wata guda ya zube cikin na wani.

Jami'in tattara bayanai, cikin garin Katsina:
Malam ya yi gaskiya. Game da zane kuma, shugabanni na son mai da'ira saboda launuka, amma na ga an yanka da'ira gida 34 a wani taro, har aka tashi ba wanda ya iya bambanta Rimi da Batagarawa. In kwatanta wurare za ki yi, ki yi zanen sanduna, ki jera daga babba zuwa ƙarami. In tafiyar watanni ce, zanen layi.

Mai shagon kayan masarufi, Daura:
A nan dai ban bi ka duka ba, Yallaɓai. In kashi biyu ne ko uku, kamar cinikin hannu da na bashi, da'ira ta fi saurin shiga ido, ko mahaifina da ba ya karatun boko yana ganewa.

Ma'aikaciyar ofis, Ƙofar Ƙaura:
Allah Ya saka muku da alheri. Na gwada fibot tebul ɗin jiya kuma ya fito. Sai dai da na ƙara bayanan wannan makon a ƙasa, jimillar ba ta motsa ba. Me ke jawo haka?

Malamin sakandare, Daura:
Ba ya sabunta kansa, sai kin danna Refresh. In kin danna sababbin layukan ba su shigo ba, to iyakar da aka ba shi ce ta tsaya a tsohon wuri. Ki taɓa cikin bayanan, ki danna Ctrl da T su zama tebur, ki sake gina fibot ɗin a kansa. Daga nan duk layin da kika ƙara zai shigo da zarar kin danna Refresh.