"Ido, wa ka raina?": Shin a kan mage da kare ta dace?

Baban Ummi: Jama'a ku raba mana gardama. Magen gidanmu kwanciya take yi a bakin zaure, karen maƙwabta ya zo yana haushi kamar zai tsage, ko gezau, sai dai ta miƙe ta kai masa mari a hanci. Na ce wannan shi ne "Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum." Ƙanena ya ce sam ba muhallinta ba ne.

Malam Na Zazzau: Ƙanen naka ya fi ka gaskiya. Wannan magana ta na ƙasa ce da ya saba da na sama har kwarjini ya gushe, kamar yaron shago da ubangidansa. To wa ya ce kare ubangidan mage ne? Ni da "wargi wuri ya samu" zan buga.

Maman Hanifa: Malam, a gafarce ni, ai sabon ne dai. Magen da ta tashi tun tana jaririya tana ganin kare ba ta ɗaukarsa dodo. Masu nazarin dabbobi sun ce tsakanin sati 2 zuwa 7 da haihuwa ne take koyon wanda za ta sake da shi. Ita kuwa wadda ta girma ba ta taɓa haɗa ido da kare ba, tana jin haushinsa sai kan katanga.

Ɗan Farauta: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ba raini ba ne, lissafi ne. Kare abin da ya gudu yake bi, haka jininsa yake. Mage ta san in ta juya baya ta zama zomo. Shi ya sa take tsayawa ta gantsare baya, gashi ya tashi, ta karkace gefe don ta ƙara girma a idonsa, kunnuwa a kwance, tana huci. Farcenta a ɓoye yake cikin dagi, bai dakushe da tafiya kamar na kare ba, kuma hanci da ido take nema. Karen da ya taɓa shan wannan sau ɗaya, gobe daga nesa zai yi haushinsa. Ku lura kuma, da wuya ta yi wannan tsaurin idon in babu bishiya ko katanga kusa.

Malam Na Zazzau: To ai ka dawo kan maganata. Wurin da wargin ya samu ke nan, katanga.

Hajiya Babba: Ku yara kun manta da ɗaurin gindi. A gidan Bahaushe mage har kan gado take hawa, kare kuwa iyakarsa ƙofar gida. Hadisi ya zo cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Da an ji hayaniya wa ake ɗaukar wa sanda? Ita ma ta sani.

Maman Hanifa: Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. Amma a 2014 a Kalifoniya ta Amurka, wata mage mai suna Tara ta afka wa karen da ya ciji yaron gidansu ɗan shekara 4 a ƙafa, ta kore shi, kyamarar gidan ta ɗauka. Wannan kam ba Kyanwar Lami ba ce, kuma ba katanga ta dogara da ita ba.

Ɗan Farauta: Ba-zata ta yi masa, Maman Hanifa. Kada dai wani ya karanta nan ya sake da tasa. Karnukanmu na farauta in su biyu ne ko uku, ba ruwansu da gantsarewa, ɗaya ya tare gaba ɗaya ya zagayo baya, an gama.

Baban Ummi: Ni dai har yanzu ban sauka ba. Baƙon kare in ya shigo layinmu, tamu ba ta tsayawa ko gaisawa, na maƙwabta kaɗai take mari. In ba "wanda nake gani kullum" ba, mene ne wannan?

Malam Na Zazzau: Wannan ba ka faɗe shi tun farko ba. Turo mana ƙanen naka, mu ji ta bakinsa.