Don Allah a taimaka: an sa wa kwamfutata Windows, sauti da maus sun ƙi aiki

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku dube ni, hankalina a tashe yake. Ina ajin ƙarshe, kuma tun zangon da ya wuce nake aron kwamfutar wata 'yar ɗakinmu. Yanzu ita ma nata aikin ya taso, har na fara ganin canji a fuskarta, ban kuma ga laifinta ba. Yayana da ke Legas ne ya turo min kuɗi, shi ma ba wai ya wadata ba ne, matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba ga kuɗin haya a gabansa. Na haɗa da abin da na kwasa a adashi, kawuna ya raka ni kasuwa muka sayi wata 'yar ƙarama ta hannu, fes da ita, batirinta yana wuni. A nan shagon aka sa mata Windows 10 don ina buƙatar Word da SPSS, manhajar nazarin alƙaluma. Da na dawo gida sai na tarar ba ta magana kwata-kwata, ko da iyafis. Maus ɗin jikinta ba ya motsi sai na jona na waje. Maɓallan ƙara haske da ƙara sauti duk ba sa yi. Na sa wata manhaja mai nemo direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki, ta cinye min data, babu abin da ya canza. Malamin da ke duba aikina ya ce ta Zoom za mu riƙa gyaran babi na huɗu domin ya yi tafiya. Ban gaya wa yayana ba tukuna. Ya zan yi?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malama, duk bayanin nan ba ki faɗi sunan kwamfutar ba. Wane kamfani, wane samfuri?

Mai tambaya:
Baƙa ce, inci 11. Takardar ƙasanta ta goge. A murfin akwai wata da'ira mai ja da kore da rawaya, an rubuta chrome a gefe.

Injiniya:
Shi ke nan, an zo wurin. Ƙanwata, Chromebook aka sayar miki. Ba a ƙera ta don Windows ba, tsarin Google ne a kanta mai suna ChromeOS. Abin da masu shago ke yi, su cire kariyar da ke hana taɓa BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tayar da injin, su ɗora na wani mai haɗa manhaja da ake kira MrChromebox, sai Windows ya samu hanyar shiga. Shiga kawai ya yi. Kamfanin da ya ƙera ta bai taɓa fitar da direban Windows ko ɗaya ba, don haka duk manhajar da za ki sa ta nemo miki direba ɓata data ne, babu inda za ta samo shi. Sautin waɗannan injina ba ta hanyar da sauran kwamfutoci ke bi yake fita ba, ta wani sashe na cikin furosesa yake bi zuwa wani ɗan guntun da ke tuƙa lasifika, Windows kuwa bai san wannan hanyar ba. Magani ɗaya ne: a goge Windows a sa Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows. Duk wanda ya faɗa miki wani abu daban bai taɓa buɗe irin wannan injin ba.

Mai tambaya:
Yallaɓai na gode, amma mai shagon bai ɓoye min ba, ya ce asalinta ba Windows ba ne amma suna sa wa mutane kullum. Kuma kuɗina iya nan ya kai. Linux ɗin nan ban taɓa ko ganinsa ba, ga shi makonni kaɗan suka rage min.

Maman Hanifa:
Ai haka suke cewa, “muna sa wa mutane kullum”. Ni shagon buga takardu nake da shi, na ba wani yaro kwamfutata ya sabunta min Windows, ya dawo da ita firinta ba ta gani, sikana ba ta gani. Ranar kuwa ɗalibai sun cika shagon da takardun rajista. Na kira shi ya ce wai firintar ce ta tsufa, firintar da ta yi aiki da safen nan! Har yau bai dawo min da cajar da ya tafi da ita ba. Mu mata sun raina mu a wannan harkar, da sun ga mayafi sai farashi ya canza, bayani ma ya canza.

Malamin kwamfuta, Zariya:
Injiniya ya yi daidai a kan musabbabin, amma ban yarda cewa hanya ɗaya ce ba. Akwai direbobin Windows na Chromebook, wani mai haɗa manhaja da ake kira CoolStar ya rubuta su, kuma shafin chrultrabook ya jera injinan da suka dace da su. Na maus da na kibod kyauta ne. Na sauti a kan injina da yawa sai an biya. Kafin komai sai mun san ainihin injin. 'Yar uwa, danna maɓallin bincike ki rubuta msinfo32, ki kwafo mana abin da ke gaban System Model da Processor. Sunan da zai fito ba lallai ya zama na kamfanin ba, sau da yawa sunan allon ciki ne, kuma da shi ake neman direba. Sannan ki buɗe Device Manager, duk abin da ke da alamar rawaya ki shiga Properties, Details, ki zaɓi Hardware Ids ki ɗauko mana hoto. Idan kin ga VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek ne. Kada ki ƙara sa wata manhajar neman direba kafin nan.

Mai tambaya:
Malam na ga Celeron N3350, RAM 4GB. Wajen ajiya ya nuna ja, wai saura ƙasa da 3GB. Sauran ban gane inda suke ba. Ita manhajar da na sa, wani ɗan ajinmu da ke karanta kimiyyar kwamfuta ne ya ba ni, kuma a tasa ta yi aiki, shi ya sa.

Injiniya:
Kun ji ko? N3350, irinta kuwa galibi ma'ajiya 32GB gare ta, wadda a manne take da allon ciki, ba a cire ta a sa babba. Windows 10 kaɗai ya kusa cinye ta, ina za ki sa Office da SPSS? Ƙari a kan haka, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma yana neman ma'ajiya 64GB da guntun tsaro na TPM 2.0, wannan furosesa ma ba ta cikin jerin waɗanda ya amince da su. To a kan me za ki biya dala ki sayi direban sauti don tsarin da aka riga aka rufe babinsa? Malam na Zariya, da girmamawa, ka san wahalar da za ta sha kafin ta biya kuɗin waje. A Linux akwai LibreOffice a madadin Word, akwai PSPP da ke buɗe fayil ɗin SPSS, akwai jamovi. Na sa wa ɗalibai da yawa, ba wanda ya dawo da kuka.

Malamin kwamfuta, Zariya:
Injiniya, ka faɗi rabi ka bar rabi. A Linux ma sautin wannan zubin ba ya tashi da kansa, sai an gudanar da wani rubutun gyara na musamman, kuma su kansu masu shi sun yi gargaɗin cewa a wasu injinan saiti marar kyau yana iya ƙona lasifika. Ka ce wa wadda ba ta gano System Model ba ta shiga wannan? Ga kuma LibreOffice, yakan ɗan motsa tsarin shafi da tebur idan malami ya buɗe a Word, a aikin kammala karatu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Damagaram:
Mu a nan matsalarmu kibod ce. Injinan da ke zuwa daga Faransa AZERTY ne, mai gyara ya sa Windows na Ingilishi, ka danna A ta fito Q. Na kai tawa wajen mutum ya ce sai an canza kibod ɗin gaba ɗaya, ya karɓi kuɗina, alhali a saitin harshe ake gyarawa. Masu gyaran kirki sun yi ƙaranci ko'ina.

Baban Khalifa:
Ni dai a ganina duk wannan doguwar hanya ce. Ki ɗauki kawunki ku koma shagon, a karɓa a ba ki tsohuwar ThinkPad ko Latitude ko da za ki yi ciko. Irin waɗannan Windows da kansa yake ɗauko direbobinsu. Ciniki da aibi a ɓoye ai ba ciniki ba ne.

Mai tambaya:
Baba ba zan iya mayarwa ba. Mai shagon abokin kawuna ne tun suna yara, ya ma rage mana kuɗi saboda shi, idan na koma kamar na ce ya cuce ni ne, kuma maganar za ta kai gida. Ciko kuwa ba ni da shi, ba zan sake buɗe baki in tambayi yayana ba. Kuma gaskiya ina son ta, ba ta da nauyi, a unguwarmu wuta sai ta ga dama, ita kuwa tana kai ni dare. Ni sautin kawai nake so ya yi.

Abban Sadiq:
In sauti ne kawai, sayi ɗan katin sauti na USB, wanda ake jona iyafis da makirufo a jikinsa, ba shi da tsada a wajen masu kayan waya. Ba ya neman direba, Windows yana gane shi nan take. Ko ki gwada iyafis na Bluetooth, tunda Wi-Fi ɗinki na aiki akwai yiwuwar shi ma yana yi. Zoom ɗin kuma me ya hana ki yi a waya, ki bar kwamfutar a buɗe kina gyara?

Injiniya:
Wannan ɗinkin tsumma ne. Ramin USB nawa ne a jikinta? Ɗaya maus, ɗaya sauti, filasha kuma a ina? Kuma ba ku taɓa maganar ma'ajiya ba. Ranar da ta cika tana tsakiyar babi na huɗu za ku tuna da maganata. Ƙanwata, ki kwashe aikinki a filasha yau ɗin nan, sannan a sa Linux.

Maman Hanifa:
Kwashe aikin dai gaskiya ne, ki tura wa kanki ta imel ma. Amma kada ki bar kowa ya yi mata fomat ba kya wurin.

Mai tambaya:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Wayata kyamararta ta fashe kuma makirufonta na shaƙewa, shi ya sa ban yi maganarta ba. Ɗan ajin namu ya ce akwai wani Windows da aka rage wa nauyi, wai yana zuwa da direbobinsa, zai sa min ranar Asabar. Ina ga shi zan fara gwadawa tunda kyauta ne.

Malamin kwamfuta, Zariya:
'Yar uwa, rage wa Windows nauyi cire abubuwa ne, ba ƙara direban Chromebook ba, kuma ba ki san wanda ya haɗa shi ko abin da ya cusa a ciki ba. Kafin Asabar ɗin ki turo System Model ɗin nan da hoton Hardware Ids. Maus da maɓallan sama aƙalla ana iya tayar da su ba tare da an goge komai ba.

Abu Fatima:
Salam. Ni ma irinta gare ni, amma tawa allon taɓawa ne ya daina aiki bayan an sa Windows, kuma in na rufe murfin ba ta farkawa sai na kashe ta da maɓalli. Direbobin da Malam ya ambata sun haɗa da wannan?