Aure da kuɗin tallafin nakasa: waɗanda abin ya shafa su ba mu labari

'Yar Agadas, Bronx: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An sa mini rana bayan Babbar Sallah. Shan inna ya taɓa ni tun ina ƙarama, SSI nake karɓa, wato tallafin wata-wata da gwamnatin Amurka ke ba nakasassu masu ƙaramin ƙarfi; Medicaid kuma, shirin gwamnati na kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, shi ke biyan matar da ke zuwa taimaka mini da safe. Wanda zan aura direban tasi ne. An ce da zarar an ɗaura, abin da yake samu za a riƙa lissafa shi kamar nawa ne. Don Allah wanda ya gani a kansa ya faɗa mini gaskiya.

Maman 'Yan Biyu, Filadelfiya: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Gaskiya aka faɗa miki. Maigidana a ma'ajiyar kaya yake aiki, albashin ba wani mai yawa ba ne, amma da aka cire abin da doka ta ware aka ɗora sauran a kaina, kuɗin SSI ɗina ya tsaya cak. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai a da, duk wata ina tura wa mahaifiyata ɗan abin cefane a Kumasi ba tare da na tambayi kowa ba. Yanzu ko turare zan saya sai na buɗe baki. Ranar da muka sami saɓani, na kwana ina tunanin cewa ko kuɗin motar zuwa gidan yayata ba ni da shi. Wannan ne ya fi ci mini rai, ya fi kuɗin kansa.

Baba Mai Sanda, Shikago: Ni da uwargida dukanmu makafi ne, dukanmu muna kan SSI. A 2025 kason da gwamnatin tarayya ke biyan mutum ɗaya dala 967 ne a wata, na ma'aurata kuma 1,450. Da ba mu yi aure ba 1,934 za mu haɗa, ke nan dala 484 ke tafiya duk wata. Ajiya ma haka: mutum ɗaya kada ya wuce 2,000, ma'aurata 3,000, kuma tun 1989 ba a taɓa wannan iyakar ba. Ki duba kuɗin haya na yau ki gani.

Ɗan Zango: To a ɗaura a masallaci kawai mana, kada a yi rajista. Wa zai sani?

Maman 'Yan Biyu: A'a ɗana, kada ka jefa ta cikin wahala. In kuna gida ɗaya kuna nuna wa jama'a ku mata da miji ne, dokar SSI tana ɗaukar ku ma'aurata ko babu takarda. In aka gano daga baya, duk abin da aka biya fiye da ƙa'ida sai an mayar. Kuma auren da aka yi walima, aka raba goro, ta ina zai ɓoyu?

Hajiya, Mancesta: Mu nan Ingila tallafin iri biyu ne. PIP, wato tallafin ƙarin ɗawainiyar nakasa, ba ruwansa da albashin miji, har yanzu ina karɓar abina. Universal Credit kuwa, tallafin masu ƙaramin ƙarfi, na gida ne gaba ɗaya: ajiyarku ku biyu in ta haura fam 6,000 a fara ragewa, in ta wuce 16,000 a rufe. Maigida yana tara kuɗin gini a Kano tun kafin mu haɗu, wannan ajiyar ce ta fitar da ni.

Malam, Harlem: A addini ciyarwa tana kan miji, dukiyar mace kuma tata ce ita kaɗai. Wannan doka ta mayar da aljihu biyu ɗaya. Ni hatsarin mota ya zaunar da ni, matata ma'aikaciyar jinya ce, albashinta ya sa aka yanke tallafina. Ba ta taɓa nuna mini a fuska ba, amma Allah ya sani nauyin yana damuna.

Yaya Mai Keken Guragu, Bronx: Ƙanwata, fara duba takardarki tukuna. In SSDI ne, wato inshorar nakasa ta aikin da kika yi da kanki, aure ba ya taɓa shi. In SSI ne, buɗe asusun ABLE, wato asusun ajiya na musamman na masu nakasa, kafin biki: tunda nakasar tun yarinta ce kin cancanta, kuma har dala 100,000 a ciki ba a lissafa ta cikin ajiya. Masu ba da gudummawa su zuba kai tsaye a can, don in a hannu suka ba ki, kuɗin shiga ne a watan. Zoben aure da kayan ɗaki ba a ƙirga su. Batun mai taimaka miki da safe shi ne babba, don haka ku je ke da angon wajen lauyoyin da ke taimakon masu ƙaramin ƙarfi kyauta, da takardun harajinsa, a lissafa muku Medicaid ɗin daban kafin ranar.