Furotin da ke manne da RNA: aiki yake yi ko dai cunkoso ne?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ana ta cewa furotin fiye da dubu ne ke kama RNA, sinadarin nan mai kama da DNA, a ƙwayar halittar ɗan Adam. Ni fa ban gamsu ba. Cajin RNA negatif ne, duk furotin mai yawan lysine da arginine, tubalan furotin masu caji positif, dole ya liƙe mata. Ina aiki a nan?

Malama: Wa alaikumus salam. Ba da ka aka faɗa ba. A 2012 ƙungiyar Matthias Hentze a Heidelberg ta Jamus ta haska wa ƙwayoyin HeLa (ƙwayoyin ɗan Adam da ake raino a ɗakin gwaji) hasken UV (ultraviolet) suna raye, ta janyo mRNA (RNA mai ɗauke da saƙon ƙera furotin) da duk abin da ke jikinta, ta samu furotin 860. UV ba ya ɗaure furotin da RNA sai suna taɓa juna.

Ɗalibi: Malama, taɓawa ai ba aiki ba ce. Cikin ƙwayar halitta cunkushe yake, kowa na gogar kowa.

Dakta: Yaron nan yana da gaskiya a wani ɓangare. Furotin masu sashen RRM ko KH, wato sassan da aka sani da kama RNA, ba a musu a kansu, an ga yadda suke tantance jerin haruffan RNA. Rigimar tana kan enzayim, furotin masu hanzarta haɗuwar sinadarai, da suka bayyana cikin waɗanda aka samu ba tare da irin wannan sashe ba. Da yawansu har yanzu ba a nuna amfanin kamun ba.

Malama: Dakta, to aconitase fa? Enzayim ne sananne, amma idan sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci sai ya bar aikinsa ya koma IRP1, furotin mai daidaita ƙarfe a ƙwayar halitta. Ya zauna a kan mRNA na ferritin (furotin mai adana ƙarfe) ya hana a fassara shi zuwa furotin, ya kuma kare mRNA na mai karɓar transferrin (furotin mai dakon ƙarfe a jini) daga lalacewa, ƙwayar ta ƙara shigo da ƙarfe. Wannan ma cunkoso ne?

Dakta: A'a, wannan an tabbatar tun kafin 2012. Amma ɗaya ba ya wanke ɗari.

Malama: Ga na biyu: enolase 1, enzayim mai taimakawa wajen sarrafa sukari. A 2022 an nuna RNA ce ke rage masa aiki. Wato wani lokacin RNA ke juya furotin, ba furotin ke juya ta ba.

Ɗalibi: To ni sharaɗina ɗaya. A canza wurin kamun kaɗai, a bar sauran furotin ɗin lafiya, a ga me zai lalace.

Dakta: Haka ake yi. Wahalar ita ce a enzayim da dama wurin kamun yana kusa da inda yake ainihin aikinsa, taɓa ɗaya kan taɓa ɗayan.