Inaso in kai Mama Leipzig ta saurari yaran kwayar Thomaskirche, masu sani ku taimaka

YarNuman:

Salama gare ku 'yan uwa. Dan Allah inada tambaya ga mutanenmu dake Jamus musamman na wajen Leipzig ko duk wanda ya taɓa zuwa. Mamana tazo min ziyara nan Berlin zatayi 'yan makonni kafin ta koma gida, kuma ita tun tana budurwa take cikin kwaya a majami'armu ta Lutheran a Numan, har yanzu da tsufanta ita ke ɗaga waƙa a zumuntar mata. To wata abokiyar aikina Bajamushiya da taji haka sai tace sam bai kamata Mama ta koma bata ji yaran Thomanerchor ba, wai kwaya ce ta yara maza zalla a cocin Thomaskirche dake Leipzig, inda shahararren mai tsara waƙoƙin nan Johann Sebastian Bach yayi aiki. Na kunna mata su a waya, tun daga ranar kullum sai ta tambayeni yaushe zamu tafi.

Matsalata itace na duba tikitin wasansu na Kirsimeti naga akwai tsada kuma kujeru masu kyau duk an saye, ga shi kafin lokacin ma ta tafi. Akwai wata hanya da mutum zai jisu ba sai wannan babban taron ba? Wace rana yafi? Za'a iya zuwa a dawo rana ɗaya? Sannan tana fama da ciwon gwiwa kuma batajin Jamusanci ko kaɗan, ina tsoron kar in wahalar da ita a banza. Nagode.

BabanJoshua_Leipzig:

Ƙanwata sannu, ki gaida mana Mama da gajiyar hanya. Ki manta da wancan tikitin mai tsada. Abinda kike nema shine wanda suke kira Motette, wato sujadar waƙoƙi, anayi ranar Juma'a ƙarfe 6 na yamma da Asabar ƙarfe 3 na rana a cikin Thomaskirche ɗin, ba'a sayen tikiti tun da wuri, a bakin ƙofa zaki biya 'yan Yuro kaɗan su baki takardar tsarin sujada shikenan kin shiga. Ki riƙe tsabar kuɗi a hannu. Ranar Lahadi da safe ma sukan rera a sujadar ƙarfe tara da rabi.

Amma abu ɗaya da zaki kula sosai, ba kowane mako ne yaran suke nan ba. 'Yan makaranta ne, in anyi hutun makaranta a jihar Sachsen ko sun tafi yawon waƙa wata ƙasa sai a gayyato wata kwaya ta maye gurbinsu, Motette ɗin zai gudana amma ba su ba. Saboda haka kafin ki sayi tikitin jirgi ki shiga shafin cocin ki duba kalanda, ki tabbata kin ga an rubuta Thomanerchor a ranar da kika zaɓa. Nasan mutanen da suka taso daga nesa suka tarar da wasu mawaƙan daban, ransu bai musu daɗi ba.

Ni Asabar zan zaɓar muku, domin a ranar yawanci akan haɗa da kantata ɗaya ta Bach (doguwar waƙar sujada mai sassa da yawa) tare da makaɗan Gewandhaus, babbar ƙungiyar makaɗa ta Leipzig, wato ga muryoyi ga kayan kiɗa. Kuma tunda ƙarfe 3 ne kuna da lokacin dawowa Berlin kafin dare yayi. Jirgin ICE daga babbar tashar Berlin zuwa Leipzig awa ɗaya da kusan kwata ne, in kika saya da wuri akwai rangwame sai dai tikitin rangwamen na wannan jirgin ne kaɗai, in ya wuce ku ya wuce. Daga tashar Leipzig mai lafiyar ƙafa minti goma zuwa sha biyar zai taka, amma saboda gwiwar Mama ku sauka ƙasa ku shiga S-Bahn, jirgin ƙasa na cikin gari, tasha ɗaya tak zuwa Markt, daga nan cocin na kusa. Kuje da wuri don layi yana tsawo, kuma babu lambar kujera, wanda ya riga shiga shi ke zaɓa.

MalaminKwaya_Jos:

Kai wannan tambaya ta faranta min rai. Ni ban taɓa taka Jamus ba amma shekara da shekaru ina koyar da kwaya kuma ina bibiyar waɗannan yaran, 'yata ki kai mahaifiyarki, ba asara zakiyi ba.

Kwayar nan tun 1212 take, sama da shekara 800 kenan ana rera waƙa a wuri ɗaya. Bach ya shugabance ta daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kuma abinda mutane basa lura dashi shine shi ba don dandali yake rubuta yawancin waƙoƙin nan ba, aikinsa ne ya shirya abinda za'a rera a sujadar Lahadi, ya koyar da yaran, ga rikici da hukumar gari akan kuɗi da ƙarancin ƙwararrun mawaƙa, duk wani malamin kwaya a ƙasar nan yasan wannan ciwon kan. A shekarunsa na farko kusan kowane mako sai ya kawo sabuwar kantata wadda ta dace da karatun Littafi Mai Tsarki na wannan Lahadin. Kabarinsa ma yanzu yana cikin cocin a gaba wajen bagadi, bayan yaƙin duniya na biyu aka maido da ƙasusuwansa nan saboda cocin da aka binne shi ta rushe da bam.

In kun zauna kice wa Mama ta kasa kunne ga ƙananan, masu soprano da alto. Muryar yaro namiji kafin ta fashe tanada wani irin tsabta, miƙaƙƙiya ce bata rawa, kuma shekaru kaɗan ne take ɗauka sai ta tafi har abada. Suna shiga tun suna kamar shekara tara su fita a sha takwas, in muryar yaro ta fara fashewa sai a ɗaga masa ƙafa ya huta na wani lokaci sannan ya dawo cikin masu tenor ko bass, shi yasa zaki ga ƙananan yara da samari a layi ɗaya kuma duk muryoyi huɗun daga cikinsu suke fitowa. Kullum suna gwaji bayan darasi. Mu nan sau biyu a mako muke haɗuwa kuma rabin mutane sai an kusa tashi suke zuwa, ina mamakin me yaranmu zasu iya da zasu samu irin wannan horon domin murya kam Allah ya bamu.

Anti_Rahila:

Duk abinda suka faɗa gaskiya ne amma ni na fi son na Juma'a, yafi natsuwa, 'yan yawon buɗe ido basu kai na Asabar yawa ba kuma kina jin muryoyin su kaɗai sosai. Sai dai tunda daga Berlin kuke kuma da dattijuwa na yarda Asabar ɗin yafi sauƙi.

Abinda nakeso ki sani shine sujada ce ba wasa ba. Akwai karatun Littafi, akwai addu'a, fasto yakan yi ɗan gajeren wa'azi, kuma akwai waƙar da dukan jama'a ke tashi su rera tare da yaran, kalmomin na cikin takardar da za'a baku. Ba'a saba tafa hannu ba in an gama, kuma banda ɗaukar bidiyo, ni abin yana ɓata min rai in naga mutum ya ɗaga waya sama ana tsakiyar addu'a. Batun yare kuwa kada ya dameki, wadda ta girma a cocin Lutheran zata gane inda ake ko ba'a fassara mata ba, in aka zo Addu'ar Ubangiji sai tayi tata da Hausa ko da Bachama a zuciyarta. Kawai ki karanta takardar kafin a fara ki faɗa mata wane nassi ake rerawa, in Zabura ce ki buɗe mata a waya.

Wajen zama, sau da yawa yaran a bene suke tsayawa wajen babban ogan ɗin dake baya, so in kuna ƙasa zaki jisu raɗau amma ba lallai ki gansu ba. Daga benen gefe ake ganinsu da kyau sai dai hawan matakala ne. Ki tambayi masu tsaron ƙofa, suna da kirki da tsofaffi. Ki sa mata rigar sanyi mai kauri da safa, ginin dutse ne kuma bencin katako ne za'a zauna akai sama da awa ɗaya, ƙaramin matashi ma zai taimaka.

YarNuman:

Kai Ubangiji ya saka muku, Baba Malam na karanta wa Mama naka tace a gaishe ka, wai maganar zuwa gwaji a makare har a Numan haka take. Na duba kalandar naga Asabar ta sama su ne zasu rera. Tace ita ji tazo yi, ƙasa zamu zauna. Tambaya ta ƙarshe, naga jirgin yana bi ta Wittenberg, zai yiwu mu tsaya can da safe ta ga cocin Luther sannan mu wuce?

BabanJoshua_Leipzig:

A taswira zai yiwu, Wittenberg na tsakiyar hanya, can ne Luther ya fitar da batutuwansa 95 a 1517 kuma kabarinsa na cikin Schlosskirche. Amma cocin na can ƙarshen gari nesa da babbar tasha, titin duk duwatsu ne, da wannan gwiwar in kuka haɗa biyun rana ɗaya zata iso Leipzig a gajiye ku kuma rasa kujera mai kyau. Ki ware wa Wittenberg wata ranar daban, daga Berlin bai kai awa ɗaya ba. Ai Luther ma yayi wa'azi a Thomaskirche ɗin a Fentikos na 1539, akwai allon tunawa a jikin wani ginshiƙi ki nuna mata. In lokaci ya rage gidan tarihin Bach na tsallaken cocin, gaban mutum-mutuminsa. Ku ɗauki jirgin wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, ku ci abinci a kusa da Markt, biyu saura ku kasance a layi.